Amsoshin Wasiƙunku: Wa Ya Gwada Na'urar Da Ta Ce Teku Za Ta Cinye Ikko?

  Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga Tukur-Tukur, Zariya, daga wani dattijo manomi wanda kuma yake fataucin tumatir da barkono zuwa Kudu. Ya roƙi a sakaya sunansa saboda maganar ta shafi iyali, mun kuwa sakaya. Ga abin da ya rubuto:

TAMBAYA: Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Malam, ɗana na fari yana sana'a a kasuwar Mile 12 a Ikko. Ya matsa mini in sayar da gonata ɗaya mu haɗa kuɗi mu sayi fili a can, a wata unguwa da ke bakin ruwa, wai yana da araha. To sai na ji a rediyo ana cewa wata ƙanƙara tana narkewa a ƙarshen duniya, kuma wai na'ura mai ƙwaƙwalwa ta lissafa cewa teku za ta cika ta cinye garuruwan gaɓa. Tambayata ita ce, yaya na'ura za ta san abin da zai faru nan da shekara 70 ko 80? Wa ya gwada ta? Ba duba ba ne irin na zamani? Kuma ruwan zai iso mu nan Zazzau?

AMSA: To Alhaji, Allah Ya saka da alheri, ka yi tambayar da ta dace a yi kafin a saki gona. Bari in fara da ta ƙarshe don hankalinka ya kwanta. Teku ba za ta zo Zazzau ba. Zariya tana bisa tudun da ya ɗara teku da fiye da mita 600, watau ƙafa 2,000 da ɗoriya. Ƙanƙarar duniya kuwa ko da dukanta za ta narke, abin da za ta ƙara wa teku bai kai mita 70 ba. Saboda haka ko jikokin jikokinka ba za su hau dutsen Tukur-Tukur ko na Kufena su hangi teku ba. Amma maganar filin Ikko daban ce, sai mun bi ta daki-daki.

Ina ƙanƙarar take?

Wurare biyu ne manya. Na farko tsibirin Girinlan da ke can arewacin duniya. Ƙanƙarar da ta lulluɓe shi ta kusa ninka faɗin Nijeriya sau biyu, in ta narke duka za ta ɗaga teku da mita 7 da 'yan kai. Na biyu nahiyar Antatika da ke can ƙarshen kudu, wadda ta ninka Nijeriya wajen sau 15. Kaurin ƙanƙararta a tsakaice kusan kilomita 2 ne, watau in da za a kwantar da shi a ƙasa, tafiyar kusan rabin sa'a ce a ƙafa. Ita tana riƙe da ruwan da zai ɗaga teku da kimanin mita 58.

Ga wani abu da kowa zai iya gwadawa a gida. Ka sa ƙanƙara a kofin zoɓo, ka cika shi fal, ka ajiye. In ta narke zoɓon ba zai zube ba, domin tun tana yawo a ciki ta riga ta ci wurinta. Amma ka ɗauko wata daga waje ka jefa, nan take zai malala. Haka abin yake a teku. Ƙanƙarar da ke yawo a kan ruwa ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne wadda ke zaune a kan tudu, in ta narke ta gangaro, ko ta zame ta faɗa ruwa.

Kuma ƙanƙara tana tafiya, Alhaji. In ta taru da yawa, nauyinta yana sa ta bazu sannu a hankali, kamar yadda tuwo mai zafi yake bajewa in an kwashe shi a faranti.

Abin da aka auna, ba lissafi ba

Kafin mu zo ga na'ura, mu raba abin da aka gani da abin da ake hasashe. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, wanda ake kira IPCC, ya ce a rahotonsa na 2021 teku ta ƙaru da kimanin santimita 20 daga 1901 zuwa 2018, watau taƙi ɗaya na hannun babban mutum. Wannan awo ne, da ma'aunan da ke kafe a tashoshin jiragen ruwa, da kuma taurarin ɗan'adam tun daga 1992. Abin lura shi ne saurin yana ƙaruwa. Daga 1901 zuwa 1971 milimita 1.3 take ƙaruwa a shekara, amma daga 2006 zuwa 2018 ta kai milimita 3.7. Ba ƙanƙarar waɗannan wurare biyu kaɗai ke jawo haka ba. Ruwa in ya ɗumama yana kumbura, sa'an nan akwai ƙanƙarar kan manyan duwatsu da ita ma take narkewa.

To mene ne ita na'urar take yi?

Na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ba ta san gobe ba. Sanin gaibu sai Allah. Abin da take yi lissafi ne, irin wanda kai ma kake yi. In ka san buhu nawa ke rumbunka, ka san mudu nawa ake aunawa kullum, ai za ka iya cewa hatsin zai kai ka watan kaza, in ba a yi baƙi ko gara ba. Ba wanda zai ce ka yi duba.

Masana sukan yanka taswirar ƙanƙarar gida-gida kamar yadda ake yanka fuloti. A kowane gida sai su gaya wa na'ura kaurin ƙanƙarar, da irin ƙasar da ke ƙarƙashinta, da yawan ƙanƙarar da ke zubowa daga sama, da zafin iska da na ruwan tekun da ke lasar gefenta. Sa'an nan su ba ta ƙa'idar yadda ƙanƙara ke tafiya. Wannan ƙa'ida wani Bature ne mai suna John Glen ya fitar da ita a Kambirij ta Ingila a shekarun 1950, ta hanyar danne ƙanƙara a ɗakin gwaji. Ya gano cewa in ka ninka ƙarfin da ke matsa ta sau biyu, saurin bajewarta yakan ninku wajen sau takwas. Daga nan sai na'ura ta yi ta lissafi, shekara bayan shekara, har zuwa 2100. Wannan shi za mu kira lissafin kwaikwayo, domin kwaikwayon ƙanƙarar gaske yake yi da alƙaluma.

Sai dai fa na'ura kamar injin niƙa take. In ka zuba dawa mai tsakuwa, garin tsakuwa za ka kwasa. Wannan ya kawo mu kan ainihin tambayarka: wa ya gwada?

Ka san a Samaru, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ba ta sakin sabon iri, kamar masarar nan ta SAMMAZ, sai an shuka shi damina bayan damina a wurare daban-daban an ga abin da ya yi. Haka hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara, kafin kaka kowane manomi ya san ko ta dace ko ta kuskure. Wahalar lissafin ƙanƙara ita ce ba mai iya jiran shekara 80 ya ga sakamako. Don haka aka nemo waɗansu hanyoyi guda huɗu.

Gwaji na farko: tambayar da aka san amsarta

Mai sayen auduga in yana shakkar sikeli, sai ya ɗora dutsen awo wanda ya san nauyinsa. Haka masana suke yi. Sukan ƙirƙiro ƙanƙara mai sauƙin siffa, wadda an riga an san amsarta da alƙalami da takarda, su ba na'ura. Tun cikin shekarun 1990 masanan Turai suka fara irin wannan. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2012, an gano lissafe-lissafe da dama suna kuskure a daidai iyakar da ƙanƙara ke barin ƙasa ta fara yawo a kan ruwa. Dalili kuwa, fulotan da aka yanka sun yi girma ainun. Dole aka ƙanƙanta su a wannan wuri. Ka ga gwaji ya yi rana.

Gwaji na biyu: a mai da ita baya

Wannan shi ya fi kama da aikina na dā. Kafin in shigo gidan rediyo na koyar a firamare. Na taɓa samun wani yaro da ya cinye jarrabawar lissafi kaf, alhali na san ƙoƙarinsa. Da na sauya alƙaluman na sake ba shi, ko ɗaya bai ci ba. Ashe ya ga takardar ne ya haddace amsa.

Haka ake yi wa na'ura. Sai a tsayar da ita a wata shekara da ta wuce, a ɓoye mata abin da ya biyo baya, a ce ta lissafo zuwa yau. Sa'an nan a buɗe littafin awo a kwatanta. In kuwa an riga an yi ta murɗa ta har ta dace da amsar, sa'an nan aka zo ana yabonta, to an koma gidan yaron nan nawa. Masanan kirki suna kiyaye wannan.

Ina ake samun littafin awon? A shekarar 2002 Amurka da Jamus suka harba tagwayen taurarin ɗan'adam masu suna GRACE, ɗaya na bin ɗaya, tsakaninsu kilomita 220, kamar daga Kaduna zuwa Kano. In na gaba ya zo kan wuri mai nauyi, nauyin yakan fizge shi kaɗan, tazarar ta sauya. Da wannan sauyi ake auna nauyin ƙanƙara wata-wata, ka ce sikeli ne aka rataya a sama. Sun yi aiki har 2017, aka harba magadansu a 2018. Akwai kuma jiragen sama masu na'urar da ke ratsa ƙanƙara ta gano ƙasar da ke ƙarƙashi. Da aka tattara awon duka, rahoton 2023 ya nuna Girinlan da Antatika sun yi asarar ƙanƙara tan biliyan 7,560 daga 1992 zuwa 2020. Kowane tan biliyan 360 yana ɗaga teku da milimita ɗaya, ka ga ke nan milimita 21.

To yaya na'urorin suka yi a wannan jarrabawa? Gaskiya ba su cinye ba. Wajen narkewar saman ƙanƙara da rani sun yi ƙoƙari. Amma a Girinlan, da aka kwatanta, an tarar yawancinsu sun lissafa asarar da ba ta kai wadda aka auna ba. Watau kuskurensu ya fi karkata ga ragewa, ba ga zuzutawa ba.

Babban abin da ya kunyata lissafin dā ya faru ne a 2002. A gefen Antatika akwai wani faifan ƙanƙara mai yawo a kan ruwa, ana kiransa Larsen B, faɗinsa murabba'in kilomita 3,250, kusan girman Jihar Legas. Cikin mako biyar ya farfashe. Shi kansa bai ƙara wa teku wani abu ba, ka tuna kofin zoɓo. Amma ashe shi ne dutsen da karen mota ke sa wa a bayan taya in an tsaya a gangara. Da ya tafi, sai kogunan ƙanƙarar da ke bayansa a kan tudu suka ƙara gudu, waɗansu har ninki takwas. Lissafin wancan lokaci bai iya kwaikwayon haka ba. Shi ya sa a rahoton 2007 kwamitin IPCC ya ba da adadin santimita 18 zuwa 59, amma ya faɗa a fili cewa bai sa irin wannan zamewar gaggawa a ciki ba. Ni a wurina wannan alamar amana ce. Ɗan kasuwar da ya ce maka mudunsa yana da lamɓa ya fi wanda ya rantse.

Gwaji na uku: zamanin dā can

Awon taurari na shekara 30 da 'yan kai ne kawai, ƙanƙara kuwa mai dogon numfashi ce. Don haka ake komawa ga shaidar da ƙasa ta ajiye. Ana haƙa rami a ƙanƙara a zaro ta kamar rake. A tashar Vostok an haƙa fiye da mita 3,600, a wani wurin kuma an zaro ƙanƙarar da masana suka ƙiyasta ta shekara 800,000. Kumfar iskar da ke cikinta tana nuna yanayin kowane zamani. Haka kuma ana samun tsohuwar gaɓar teku, da ƙwaryar halittun ruwa, a kan tudu sama da inda teku take a yau. Daga nan aka ƙiyasta cewa kimanin shekara 125,000 da suka wuce, lokacin da ɗumin duniya yake kusa da na yanzu, teku ta fi ta yau tsawo da mita 5 zuwa 10. Sai a ba na'ura yanayin wancan zamani a ga ko za ta fitar da wannan adadi.

A nan ma an yi gardama. A 2016 waɗansu masanan Amurka biyu, Robert DeConto da David Pollard, suka ce in bangon ƙanƙara ya yi tsawo ainun a bakin ruwa zai riƙa rushewa da kansa, kamar gefen kududdufin da aka yi wa haƙa ta ƙasa. Da suka sa wannan a lissafi, sai ya nuna Antatika kaɗai za ta iya ƙara fiye da mita ɗaya kafin 2100. A 2019 wata masaniya a Landan, Tamsin Edwards, da abokan aikinta suka sake bin lissafin, suka ce ana iya bayyana abin da ya faru a dā ba tare da wannan rushewa ba. A 2021 su DeConto da kansu suka sake lissafi suka rage adadin. Har yanzu ba a rufe wannan babi ba.

Gwaji na huɗu: a haɗa su jarrabawa ɗaya

Alƙali ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya. Ƙungiyoyin masana fiye da 10 daga ƙasashe daban-daban, kowacce da nata lissafin, aka ba su tambaya iri ɗaya, aka buga sakamakon a 2020. A kan Girinlan bakinsu ya zo kusa: in aka ci gaba da ƙona mai da gawayi ba sassauci, za ta ƙara kimanin santimita 9 kafin 2100, da ɗan sama ko ƙasa. A kan Antatika kuwa sun rabu ƙwarai. Wani ya ce za ta ƙara santimita 30, wani ya ce za ta ma rage teku da kusan santimita 8, domin iska mai ɗumi tana ɗauko laima, ƙanƙara ta ƙara zuba a tsakiyar nahiyar. Inda shaidu suka rabu, nan ne jahilcin yake: zafin ruwan da ke shiga ƙarƙashin ƙanƙara, da irin ƙasar da take zamewa a kai. Shi ya sa Amurka da Ingila suka haɗa gwiwa a 2018 kan kogin ƙanƙarar Thwaites, wanda ya ninka Jihar Kaduna wajen sau huɗu, kuma yake riƙe da santimita 65 na ruwa. Har huda shi suka yi da ruwan zafi, zurfin kusan mita 600, suka zura na'ura ta leƙo ƙarƙashinsa.

Ina aka kwana?

Rahoton 2021 bai ba da adadi ɗaya ba, tsakani ya bayar. In duniya ta rage hayaƙi ƙwarai, teku za ta ƙaru da santimita 28 zuwa 55 kafin 2100. In aka ci gaba da ƙaruwa ba ji ba gani, santimita 63 zuwa mita ɗaya da ɗigo. Ya kuma ce ba a iya kawar da yiwuwar kusan mita 2 ba, saboda rashin tabbas ɗin Antatika. Ka lura da kyau, Alhaji: gardamar a kan yawa ce da sauri. A kan cewa teku za ta ci gaba da hawa, ba su saɓa ba.

Saboda haka duk wanda ya ce maka Ikko za ta nutse gaba ɗaya a shekara kaza, ya faɗi abin da na'urar ba ta faɗa ba. Wanda kuma ya ce maka duk tatsuniyar Turawa ce, shi ma ya ƙaryata ma'aunin da ke kafe a bakin ruwa.

Ikko ba ɗaya ba ce. Wajen Agege da Ikeja tudu ne. Wajen Victoria Island da Lekki da gefen tafkin Ikko kuwa ƙasa ce ƙwarai, waɗansu wuraren ma fadama ce aka cike da yashi, irin wannan ƙasa kuwa takan zauna da kanta. A irin wannan wuri ƙarin taƙi ɗaya ko biyu ba wasa ba ne. Ba wai gari zai wayi a ga gida cikin teku ba. Abin da ke faruwa shi ne magudanan ruwa su kasa zubarwa in teku ta cika, ambaliyar da ake yi jefi-jefi ta koma ta kowace damina, rijiya ta yi gishiri. Tsofaffin 'yan Ikko sun san yadda teku ta cinye Bar Beach, ko da yake a can babban dalili shi ne katangun duwatsun da aka gina a mashigar tashar jiragen ruwa tun farkon mulkin Turawa, waɗanda suka tare yashi. Garin Ayetoro na Jihar Ondo shi ma teku ta ci gidaje masu yawa a cikinsa.

Shawarata, ba ni zan ce ka saya ko kada ka saya ba, kai da ɗanka za ku yanke. Amma yadda masana suke gwada na'urarsu, kai ma ka gwada filin. Ka je da ƙafarka a watan Yuni ko Yuli lokacin da ruwa ya kankama, kada ka je da rani. Ka dubi bangon gidajen maƙwabta, ruwa yakan bar zanensa. Ka tambayi mutum uku ko huɗu da suka daɗe a unguwar, ban da dillali, ina ruwa yake kaiwa shekara goma da suka wuce, ina yake kaiwa yanzu. Ka tambaya ko cike wurin aka yi. Ka sa wanda ya sani ya duba takardun fili. Ka kuma tambayi kanka dalilin arahar, domin ruwa ba ya tsami banza. Gona a Zazzau in ta fita hannu, da wuya ta dawo.

Mu da muke tudu kuma kada mu ce ba ruwanmu. Tumatirinmu da shanunmu da albasarmu can ake kai su, kayan da muke saye kuma ta Apapa da Tin Can suke shigowa. In hanyar kasuwa ta cika da ruwa kwana uku, kwandon tumatir a kan mota ba ya jira. Sai dai a bambance: ambaliyarmu ta nan Arewa, kamar fashewar madatsar Bagauda a 1988 ko ta Alau da ta shafi Maiduguri a 2024, ta ruwan sama ce da madatsai, ba ta teku ba.

Alhaji, da fatan ka gamsu. Ka gai da mutanen Tukur-Tukur, in ka je ka dawo ka rubuto mana abin da ka gani. Sauran masu wasiƙu ku yi haƙuri, muna bin layi ne. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da asara. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.